Sanarwar Hukuma Tsakanin Jarida da Intanet: Nazarin Dokar Jihar Florida ta 2022

A ranar 1 ga Janairun 2023 wata doka ta fara aiki a jihar Florida ta Amurka, wadda ta ba ƙananan hukumomin jihar damar daina buga sanarwoyinsu na wajibi a jarida, su koma wallafa su a shafin intanet na gundumar da suke ciki. Dokar, mai lamba HB 7049, majalisar jihar da ke Tallahassee ta zartar da ita a watan Maris na 2022, Gwamna Ron DeSantis kuma ya sa mata hannu a watan Mayu na wannan shekarar. Duk wanda ya karanta ta sama-sama zai ɗauka gyaran tsarin ofis ne kawai, wato an ɗauke takarda daga wannan allo an manna ta a wancan. Amma abin da ta taɓa ya fi haka nauyi, domin ta sake tsara amsar wata tsohuwar tambaya: idan hukuma za ta yi wani abu da zai shafi gidan mutum, ko harajinsa, ko unguwarsa, ta wace hanya za ta sanar da shi, kuma wane ne zai ba da shaida daga baya cewa lallai an sanar?

Abin da ake nufi da sanarwar wajibi

Florida tana da gundumomi 67, kuma a ƙarƙashinsu akwai majalisun birane da garuruwa sama da 400, ga hukumomin makarantu, ga kuma ɗimbin hukumomi na musamman masu kula da ruwa ko kashe gobara ko raya wasu unguwanni. Dukkansu doka ta ɗora musu nauyin sanar da jama'a kafin su ɗauki wasu matakai. Majalisar gari ba ta da ikon zartar da dokar gari sai ta buga sanarwa aƙalla kwana 10 kafin zaman da za a yanke shawara, tana mai bayyana rana da lokaci da wuri, da taken dokar, da inda mutum zai je ya duba ta. Harajin gidaje da filaye da ba a biya ba yakan zama bashin da ya wuce wa'adi a ranar 1 ga Afrilu, kuma kafin a sayar da takardun bashin ga masu zuba jari sai an buga jerin kadarorin sau ɗaya a mako har mako uku. Idan aka kai ga yin gwanjon ita kanta kadarar, wanda ba ya yiwuwa sai bayan shekara biyu, sai a sake bugawa mako huɗu a jere.

Wasu sanarwoyin ma doka ba ta bar siffarsu a hannun hukuma ba. Idan majalisar gari ce da kanta take son sauya amfanin fili mai faɗin eka 10 ko fiye, misali daga wurin zama zuwa wurin kasuwanci, dole ta yi zaman jin ra'ayin jama'a sau biyu, kuma idan a jarida za a buga sanarwar, tsawonta kada ya gaza inci 10, faɗinta kada ya gaza ginshiƙi biyu, kanunta a rubuta shi da manyan haruffa, sannan an hana a saka ta a sashen ƙananan tallace-tallace na bayan jarida. Wannan hanin na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya a wannan nazari. Waɗanda suka rubuta shi sun fahimci cewa akwai bambanci tsakanin ajiye labari a inda mai nema zai same shi, da kuma kai labari gaban idon wanda bai san ma akwai abin nema ba. Sun so mutumin da ya buɗe jarida don ya karanta labarin wasanni ko na yanayi ya ci karo da taswirar unguwarsu ba tare da ya yi niyya ba.

Al'adar ta girmi jihar kanta. Tun a 1789 majalisar dokokin Amurka ta farko ta umarci sakataren harkokin waje ya riƙa buga dokokin da aka zartar a jaridu aƙalla uku, jihohi kuma suka bi sahu da nasu tanade-tanaden. A Florida, babi na 50 na kundin dokokin jihar shi ne ya tattara ƙa'idojin: jaridar da za ta ɗauki sanarwar hukuma sai ta kasance tana fitowa aƙalla sau ɗaya a mako, kashi 25 cikin ɗari na kalmominta su zama na Turanci, kuma bayan bugawa ta ba da takardar rantsuwa da ke tabbatar da ranakun da sanarwar ta fito. Har farashi doka ta ƙayyade, santi 70 a kan kowane murabba'in inci a bugun farko da santi 40 a kan na gaba, sai dai an bar wa jaridar da mafi ƙarancin farashin tallanta ya zarce haka damar ta karɓi nata farashin.

Yadda aka zo ga dokar 2022

Kuskure ne a ɗauka cewa kafin 2023 sanarwoyin Florida a takarda kawai suke. Tun 2012 doka ta wajabta wa jaridu su riƙa saka kowace sanarwa a shafukansu na intanet kyauta ga mai karatu, su kuma aika da ita zuwa wani shafi guda na jihar baki ɗaya wanda ƙungiyar jaridun Florida take gudanarwa. Wannan gyaran ne kuma ya ce idan sanarwar gwamnati ce da za a buga fiye da sau ɗaya, kuma aljihun gwamnati ne zai biya, to kuɗin bugu na biyu da na bayansa kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na farashin farko. Shi shafin na jiha an shar'anta masa ya bar kowace sanarwa a buɗe na aƙalla kwana 90, ya kuma adana ta a rumbun da za a iya bincikawa har wata 18. Ashe ke nan gardamar da aka yi a 2022 ba tsakanin takarda da intanet take ba, domin intanet ya riga ya shiga tsarin shekara goma kafin nan. Gardamar a kan wanda zai riƙe amanar wallafawa ce, jarida ko hukuma.

A 2021 majalisar jihar ta zartar da wata doka mai lamba HB 35 bayan doguwar tattaunawa da masu jaridu. Ta ba hukumomi damar wallafa wasu sanarwoyi a shafin intanet na jarida kaɗai ba tare da bugun takarda ba, ta kuma sassauta sharuɗɗa ta yadda jaridun da ake rabawa kyauta za su iya shiga gasar, muddin suna isa ga wani kaso na gidajen yankin. Masu jaridu sun karɓi wannan a matsayin sulhu, kuma dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ba ta cika wata uku da fara aiki ba majalisar ta zartar da HB 7049, wadda ɗan majalisa Randy Fine daga gundumar Brevard ya jagoranta. A ganina wannan gaggawar ita ce rauni na farko a tarihin dokar, tun kafin a duba abin da ta ƙunsa, domin babu wani ɗan majalisa da zai iya cewa ya ga sakamakon sulhun 2021 ya same shi bai wadatar ba. Ba a ba shi ko da zagayen kasafin kuɗi guda ya nuna alherinsa ko aibinsa ba.

Hujjar masu goyon bayan dokar ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a kawo ta da ƙarfinta. Sun ce tilasta wa hukuma ta sayi fili a jarida tallafi ne da ake cirewa daga aljihun mai biyan haraji ana ba wata sana'a da masu karatu suka riga suka juya wa baya. Alƙaluma suna mara musu baya ta wani ɓangaren: binciken makarantar aikin jarida ta Medill da ke jami'ar Northwestern ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2022 Amurka ta rasa jaridu kusan 2,500, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma gundumomi sama da 200 a faɗin ƙasar ba su da jarida ko ɗaya ta gida. Manyan jaridun Florida kansu sun rage kwanakin bugu. A 2020 jaridar Tampa Bay Times ta koma fitowa a takarda sau biyu kacal a mako. Mene ne amfanin biyan kuɗi mai yawa, in ji su, don a buga abu a wurin da mutane ƙalilan ke dubawa, alhali kowa yana da waya a hannunsa?

Masu adawa, wato ƙungiyar jaridun jihar da masu fafutukar a gudanar da mulki a fili, sun amsa da cewa an ba kura ajiyar nama. Sun tuna wa majalisar cewa Florida jiha ce da take alfahari da dokarta ta 1967 wadda ta wajabta yin tarukan hukumomi a bainar jama'a, da kuma gyaran tsarin mulkin jihar na 1992 da ya mayar da samun takardun gwamnati haƙƙin ɗan ƙasa. Sun kuma yi gargaɗin cewa ƙananan jaridun mako-mako na karkara, waɗanda kuɗin sanarwa yake cikin manyan hanyoyin samunsu, za su iya durƙushewa. Ba za a ɓoye cewa masu jaridu suna da tasu buƙatar a cikin maganar ba, tunda kuɗi ne zai fita daga hannunsu. Sai dai kasancewar mutum yana da riba a cikin wata hujja ba ya rushe hujjar, kuma tasu tana buƙatar a auna ta da ma'auninta.

Abin da dokar ta tanada, da abin da ta bari

Zuciyar dokar tana cikin sabon sashe na 50.0311. Ya ce hukuma za ta iya wallafa sanarwarta a shafin intanet na gunduma, ko a wani shafi mai zaman kansa da gundumar ta ayyana, idan kuɗin yin hakan bai kai kuɗin bugawa a jarida ba. Sanarwar sai ta kasance ana iya bincika ta da kalmomi, ta kuma nuna ranar da aka fara wallafa ta. Dole a sanya mahaɗin da zai kai mutum ga sanarwoyin a wuri bayyananne a shafin farko na gundumar da na hukumar da abin ya shafa. Sau ɗaya a shekara hukumar za ta sanar da mazauna da masu kadarori, ta jarida ko ta wata takarda da ake kai wa kowa, cewa suna iya rajistar sunansu don a riƙa aiko musu da sanarwoyi ta gidan waya ko ta imel, kuma wajibi ne ta riƙe wannan rajistar. Idan neman tayin kwangila aka wallafa a shafin, to sai an tanadi hanyar karɓar tayin ta intanet. Ga gundumomin da jama'arsu ba ta kai 160,000 ba kuwa, an ƙara sharaɗi: sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a, wanda shi kansa a jarida za a sanar da shi, an tabbatar cewa mazauna suna da isasshiyar hanyar shiga intanet ta yadda sauyin ba zai tauye su ba. Bisa ƙidayar 2020, fiye da rabin gundumomin jihar suna ƙasa da wannan adadi, kama daga irin su Liberty mai mutum kusan 8,000, yayin da Miami-Dade a ɗaya gefen take da kusan miliyan 2.7.

Ya kamata a lura cewa dokar ba ta hana kowa bugawa a jarida ba, zaɓi ta bayar. Ya kamata kuma a yaba mata a kan abu biyu. Tattara sanarwoyin garuruwa da hukumomi a shafin gunduma guda ya fi a bar kowace ƙaramar hukuma ta ɓoye nata a lungun shafinta, kuma rajistar imel da gidan waya, ga wanda ya shiga, ta fi jarida tabbas, tunda saƙon har gida zai same shi.

Amma a duba sharaɗin da aka gina sauyin a kansa. Hukumar da ke cikin babbar gunduma ba a nemi ta nuna cewa shafin nata yana da masu ziyara ba, ba a nemi ta kwatanta yawan waɗanda za su ga sanarwar a can da waɗanda suke ganinta a jarida ba, ba a kuma nemi ta dawo bayan shekara ɗaya ta ba da rahoton mutum nawa suka buɗe ba. Abin da aka nema kawai shi ne ya fi araha, kuma kusan babu yadda za a yi saka rubutu a shafin da hukuma ta riga ta mallaka ya fi sayen filin jarida tsada. Sharaɗi ne da ba ya tace kowa. Shi ma zaman da aka shar'anta wa ƙananan gundumomi yana auna ko mutane za su iya shiga intanet ne, ba ko za su je wannan shafin ba, kuma hukumar da take son sauyin ita ce alƙalin da zai yanke hukuncin cewa an cika sharaɗin. Sannan iyakar 160,000 ta ɗauka cewa rashin intanet matsalar karkara ce kawai, alhali tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin manyan birane, a jihar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ya kai shekara 65, ba su samu ko wannan zaman ba.

Giɓi na biyu shi ne na shafin jiha. Sanarwar da ta bi ta jarida tana ƙarewa a rumbu guda da ya haɗa gundumomi 67, inda ɗan kwangila ko lauya ko mutumin da ya gaji fili a wata gunduma mai nisa zai bincika sau ɗaya ya gama. Sanarwar da ta bi ta shafin gunduma ba a wajabta aika ta can ba. Sakamakon haka mai bincike yanzu sai ya fara gano wace hanya kowace hukuma ta zaɓa, kuma yana yiwuwa a gunduma ɗaya majalisar gundumar ta koma intanet, wani gari a cikinta ya tsaya a jarida. An yi niyyar sauƙaƙawa, amma an wargaza abu guda da yake a haɗe.

Ma'aunin kotu

Akwai wata shari'a da duk mai nazarin wannan batu yake komawa gare ta, kuma abin sha'awa shi ne ba ta yi wa jarida daɗi ba. A 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar Mullane da bankin Central Hanover, inda bankin ya sanar da masu haƙƙi a wani asusun amana ta hanyar bugawa a wata jaridar New York kawai, alhali yana da adireshin da yawa daga cikinsu. Mai shari'a Robert Jackson ya rubuta cewa sanarwar da tsarin mulki ya yarda da ita ita ce wadda aka tsara ta yadda, bisa la'akari da dukkan yanayi, za ta iya isa ga masu ruwa da tsaki, kuma hanyar da aka bi ta zama irin wadda mai son sanarwa da gaske zai bi. Ya ƙara da cewa sa'a ce kawai take sa ko mazaunin gari ya ga talla mai ƙananan haruffa a shafukan baya na jarida. A 2006, a ƙarar Jones da Flowers daga jihar Arkansas, kotun ta ci gaba a kan wannan turba: an sayar da gidan wani mutum saboda bashin haraji bayan wasiƙun da aka aika masa sun dawo ba a karɓa ba, kuma duk da an buga sanarwa a jarida, kotun ta ce hukumar da ta san saƙonta bai isa ba wajibi ne ta ɗauki ƙarin matakin da ya dace.

Masu goyon bayan HB 7049 suna iya riƙe maganar Jackson su ce, to ga shi, jarida ma ba ta taɓa zama hanya mai ƙarfi ba. Gaskiya ne. Amma ma'aunin da ya kafa yana yanka ta kowane ɓangare, kuma ni ina ganin ya fi yi wa shafin gunduma tsanani. Jarida aƙalla tana da sa'ar da ya ambata, domin mutum yana buɗe ta don wata buƙata ya ci karo da abin da bai nema ba, ko maƙwabcinsa ya gani ya faɗa masa, ko wakilin jaridar da ke duba shafin kafin a buga ya lura da wani abu ya mayar da shi labari. Shafin sanarwoyin gunduma kuwa babu mai zuwa cikinsa bisa kuskure. Wanda ya je, ya riga ya san abin da yake nema.

A nan ya kamata a bambance mutum biyu. Mai kadarar da za a yi wa gwanjo, ko mai filin da gari zai sauya wa matsayi idan bai kai eka 10 ba, doka ta tanadar masa wasiƙa ta kansa, kuma kowane mai gida a Florida yana samun takardar hasashen harajinsa ta gidan waya a watan Agusta. Waɗannan sabuwar dokar ba ta taɓa su ba. Wanda ta taɓa shi ne mutum na biyu, wanda sunansa ba ya cikin kowane fayil amma abin zai shafe shi: ɗan haya da ba shi da kadara, mai shago a bakin titin da za a faɗaɗa, iyayen da motocin sabuwar kasuwa za su riƙa bi ta gaban makarantar 'ya'yansu. Domin wannan mutumin aka ƙirƙiri sanarwar jama'a tun asali, kuma shi ne aka ce yanzu ya yi rajista tun kafin ya san akwai abin da zai same shi.

Abin da ya biyo baya

Hukumomi ba su yi tururuwa lokaci guda ba. Wasu sun tsaya a jarida, wasu sun raba ƙafa, wasu kuma, ciki har da manyan gundumomi irin su Broward da Miami-Dade, sun buɗe shafukan sanarwa nasu. Wannan bambancin ne ya ba masu bincike damar kwatantawa. Wasu malamai uku daga jami'o'in Texas A&M da Yale da Chicago sun bi diddigin lamarin, suka gano cewa hukumomin da suka samu damar komawa shafin gunduma sun rage buga sanarwa a jarida sosai, musamman sanarwoyin tsarin gari da sauya amfanin filaye, amma ba a ga wani ƙarin masu ziyara a shafukan gundumomin ba. Sun kuma ga raguwar masu halartar tarukan jama'a su yi magana, tare da ƙaruwar izinin gine-ginen kasuwanci da ake bayarwa. Bincike ɗaya ba ya rufe magana, kuma ƙaruwar izinin gini ba aibi ba ce a karan kanta, wani ma zai ce alheri ne a jihar da jama'a ke kwararowa cikinta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na biyun: an ɗauke sanarwa daga wuri ɗaya, masu karatu ba su bi ta zuwa ɗaya wurin ba. Idan haka ne, kuɗin da aka ce an tsimi ba daga ɓarna aka cire shi ba, daga sanin jama'a aka cire shi.

Akwai kuma lissafin da ba ya fitowa a kasafin shekara. Wani binciken masana harkar kuɗi da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa bayan jaridar gari ta rufe, kuɗin ruwan da ƙananan hukumomin yankin suke biya a kan bashin da suke ci yakan ɗan ƙaru, domin masu ba da bashi suna ganin babu mai sa ido. Wannan ba ya nufin hukuma ta riƙa ciyar da jarida don tausayi. Yana nufin cewa wanda yake lissafa ribar janye sanarwa ya kamata ya saka wannan a ɗaya gefen sikelin.

Har ila yau, zaɓin da dokar ta bayar ya zama wani makami ko da ba a yi nufin haka ba. A da, hukumar da jarida ta fallasa wa asiri ba ta da yadda za ta yi idan ita ce kaɗai jaridar da ta cika sharuɗɗa a gundumar, dole ta ci gaba da kai mata sanarwa. Yanzu tana iya janyewa gaba ɗaya ta ce tsimi take yi, kuma babu mai iya tabbatar da akasin haka. Editan ƙaramar jaridar mako-mako da ya san cewa kwamishinonin gunduma za su iya yanke masa wannan kuɗin da ƙuri'a guda, zai yi tunani sau biyu kafin ya buga labarin da zai ɓata musu rai, ko da kuwa babu wanda ya yi masa barazana da baki.

Florida ba ta zama ita kaɗai ba. Bayan jaridar Star-Ledger ta daina fitowa a takarda a watan Fabrairun 2025, jihar New Jersey ta yi dokar da ta mayar da sanarwoyin hukumomi zuwa shafukansu na intanet. Can dole ce ta sa, tunda jaridar da ake bugawa a ciki ta tafi. Wannan ya nuna cewa tsayawa a kan takarda har abada ba mafita ba ce, kuma ba ita nake kira a yi ba. Gyaran da Florida take buƙata ba ya neman a koma baya: a wajabta aika kowace sanarwa, ko ta wace hanya ta bi, zuwa rumbu guda na jiha, a wajabta wa kowace gunduma ta riƙa bayyana adadin masu buɗe sanarwoyinta da adadin waɗanda suka yi rajista, a kuma damƙa shaidar wallafawa da adanawa a hannun wanda ba shi ne mai sanarwar ba.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kowanne jinkirin bayyana, domin sai an yi rigima ake sanin darajarsa. Shafin jarida da aka buga dubbai aka raba, aka ajiye kwafinsa a ɗakin karatu, ba ya gyaruwa bayan ya fita; idan an yi kuskure a lambar fili ko a ranar taro, kuskuren yana nan kowa zai gani, kuma sai an sake bugawa an sake ƙirga kwanaki. Rubutun da ke shafin intanet ana iya gyara shi cikin daƙiƙa, ana iya sauya kamfanin da ke kula da shafin, mahaɗi yana iya mutuwa. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba, ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ma zai iya gyara kuskuren da ya gani ba tare da ya san ya goge hujja ba. A sabon tsarin, takardar rantsuwar da ke tabbatar da cewa an wallafa sanarwa a shafin gunduma tana iya fitowa daga hannun jami'in gundumar. Ranar da wani mazaunin unguwa zai tsaya gaban alƙali, shekara shida ko bakwai bayan an gina abin da yake ƙorafi a kai, ya ce ba a sanar da taron yadda doka ta tanada ba, takardar da za a miƙa wa kotu don ƙaryata shi za ta kasance ɗauke da sa hannun ma'aikacin ɓangaren da yake ƙara.